Murhun Bilki da Lanƙwasasshen Cokali

Ko da zan manta da komai na zamana a Malesiya, ba zan taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da na kusa ƙona dajin mutane saboda tsire ba. Ni ɗin nan fa, malamin jami'a, mai furfura a gemu, wanda ɗalibai ke ce wa Dokta har da ɗan rusunawa. Har yau in na ji ƙaurin gawayi sai kunnuwana su ɗauki zafi. Amma kafin in kai ku wurin, dole in fara gaya muku yadda aka yi na koma zama a mota.

Matata Bilki ta rasu a nan Kuala Lumpur bayan gajeriyar jinya, a nan kuma muka binne ta. (Kun ga yanzu na rubuta sunanta ba gargada. A wancan lokacin ko wuƙa aka ɗora mini a wuya ba zan furta shi ba, sai dai in ce "marigayiya" ko "maman Ummi".) Ta bar ni da 'yarmu tilo, Ummi, mai sunan mahaifiyata, wadda ke makarantar sakandare. A nan Ummi ta yi wayo. Turanci da Malayanci ne a bakinta, Hausarta kuwa ta kicin ce, wadda ta tsinta a gindin uwarta. Da uwar ta tafi sai Hausar ta bi ta.

Ranar zaman makoki na yi abin da aka san namijin Bakano da shi. Mutanenmu na unguwarmu Cheras da na Sri Petaling suka cika mana falo, kowa ya ce, "Dokta, ya haƙuri?" in ce, "Da godiya." Idona a bushe ƙamas. Ni ne ma mai tambayar ko an kai wa baƙi ruwa, ni ne mai raka su har bakin lif. Na ji wani dattijo yana cewa, "Kai, Dokta akwai tawakkali," kuma, Allah ya yafe mini, sai da na ji daɗin maganar. Ban lura da Ummi ba, wadda ke tsaye a ƙofar ɗakinta tana kallon ubanta yana rabon ruwan roba kamar ana bikin suna.

Da baƙi suka watse aka bar ni da gidan, sai tawakkalin ya ce ga garinku nan. Silifas ɗin Bilki na bakin ƙofa. Labulaye na ƙamshin turaren wutarta. In na buɗe firji, ga robobi da rubutun hannunta a jiki. Na kasa kwashewa, na kuma kasa kallo. Sai na gano cewa a cikin mota babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Da haka na zama ɗan hanya. In na tashi daga aiki a Bukit Jalil, maimakon in miƙe gida sai in hau babban titin da ya zagaye gari, in yi ta bin sa kamar wanda aka aika ya manta saƙon. In tsaya a mamak, wato shagon abincin Indiyawan Musulmi, in ce a yi mini tapau, wato a ƙunshe mini a leda, in ci a bayan sitiyari. La'asar a masallacin wannan gidan mai, magariba a na wancan, har masu shara suka fara gaishe ni. But ɗin motata ya koma ɗakin gwauro: darduma, buta, fulas, riguna a rataye, bargo, da murhun gasa nama na Bilki a cikin jakarsa, wanda na ɗauke daga baranda don kada in riƙa ganinsa. A aljihun jakar na tsinci wani tsohon cokali a lanƙwashe kamar ƙugiya. Na ce, ikon Allah, mata da ajiyar tarkace. Na ɗora shi a gwiwa na miƙar da shi tsaf, na mai da shi cokalin shayina, don ko ba komai hannunta ya taɓa shi.

In na isa gida na tarar Ummi ta rufe ɗaki, sai in ƙwanƙwasa in ce, "Kin ci abinci?"

"Yes, Abba."

"Cunkoso ne ya riƙe ni."

"Okay."

Hirarmu ke nan ta wata da watanni. (Allah ya saka wa cunkoson garin nan da alheri, ya ɗauki laifin da ba nasa ba, bai taɓa musu ba.)

Ana nan sai Hajiya Rabi, yayar Bilki, ta kira ni daga Kano. Hajiya Rabi ba ta san kwana-kwana ba. Ta ce, "Dokta, na ji labarin komai. Yarinya mace ka bari ita kaɗai a saman bene, kai kana yawon titi? In an yi hutun ƙarshen shekara ka sa mini ita a jirgi. Uwa ce ta rasa, ba dangi ba." Na ce to, zan tambayi Ummi, ina dariya a zuci. Yarinyar da ba ta iya cin tuwo sai da cokali, ita ce za ta yarda ta koma Kano? Da na tambaye ta, ko ɗagowa daga wayarta ba ta yi ba.

"Zan je," in ji ta. "Ai gidan nan ma ba kowa."

Na tsaya da mukullin mota a hannu kamar an dasa ni. Ita kaɗai ta rage mini a duniya, ga ta za ta tafi, kuma na san in ta tafi a haka ba za ta dawo mini ba ko da ta dawo. Me na ce mata? Na ce, "To, Allah ya kai mu." Na sauka na shiga mota.

Abu ɗaya ne ya rage yana haɗa mu, shi ne ranar Asabar. Ummi na aikin sa kai a wata mafakar namun daji da ke bakin daji, can bayan gari, inda ake jinyar dabbobin da aka ƙwato daga hannun mafarauta ko aka tsinto da rauni. Ni ne direba. Mu yi tafiyar sama da awa guda ta toshe kunnuwa da iyafis, tana kallon gonakin kwakwar manja ta taga. Macen da ke cikin waya mai cewa a yi dama a yi hagu, ita kaɗai ke yi mini magana a motar, har na fara sakin hanya da gangan don in ji ta ƙara wani abu.

Da farko a mota nake jira. Wata rana shugabar wurin, Anti Mei, wata 'yar tsohuwar Basiniya likitar dabbobi, gajeriya mai muryar kwandasta, ta ƙwanƙwasa mini gilashi. Ta ce da Turancinta mai lah a wutsiya, "Dokta, hannu biyu gare ka, lah. Zo ka yanka gwanda." Haka na zama ɗan sa kai ba tare da na sa kaina ba. A ranar farko ma sai da na yi abin kunya. Aka nuna mini wata 'yar barewa da ba ta fi zomo ba, kowa na cewa kai, abin tausayi, ni kuwa bakina ya suɓuce na ce wannan ai farfesu ɗaya ce. Ba wanda ya yi dariya. (A gidanmu in ka ga dabba ka fara auna kitsenta da ido, ba mugunta ba ce, tarbiyya ce.)

Aikin Ummi shi ne Lili. Lili 'yar wani irin biri ce marar wutsiya, mai dogayen hannaye, irin waɗanda ke rangaɗa kuka da safe kamar guɗa. An tsinto ta ne a wani daji da aka cinna wa wuta don a yi gona, tana manne da gawar uwarta, hannunta ɗaya a ƙone. Da aka kawo ta ba ta ci, ba ta kuka, sai dai ta dunƙule a lungun keji ta rufe kai. Ummi ce ke zuwa ta zauna a gefen kejin, ta juya mata baya, ta buɗe littafi. Na taɓa tambayarta wane irin aiki ne wannan, mutum ya zo tun daga Cheras don ya ba biri baya. Ta ce, "Ba a kallonta, ba a yi mata magana. You just stay, Abba. Zama kawai ake yi, har ta san ba za ka tafi ba." Na gyaɗa kai irin na malamai na ce lallai akwai hikima, na koma kan gwandata. Ko kusa ban ji maganar ta taɓa ni ba.

A hankali Lili ta fara ci, ta fara lilo, har wata safiya ta yi kukan nan nasu. Anti Mei ta sa ranar da za a mai da ita babban keji na cikin itatuwa, matakin farko na komawa daji. Ranar ta faɗo a makon da Bilki ta cika shekara da rasuwa, hutun makaranta kuma ya matso.

A nan ne dabara ta zo mini, ina zaune a wani gidan mai ina juya shayi da cokalin nan. Na ce zan jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: in yi wa marigayiya sadaka, in kuma sayo zuciyar 'yata. Da me? Da tsire mana. Mu ba mu iya cewa ina ƙaunarki ba, kada ki tafi. Abin da muka iya shi ne mu tura wa mutum nama gabansa mu ce ci. Kuma tsire abin gidanmu ne. Hukumar benenmu ta hana hura gawayi a baranda, don haka duk Sallah sai mu ɗauki murhun nan mai naɗewa mu tafi bakin teku, Bilki ta kafa shi ta hura wuta, ni in zo da babbar murya in karɓi juya tsinke, in kuma karɓi yabo. A lissafina, ni ne mai gashin gidan.

Ban yi shawara da kowa ba, don abin mamaki nake so in yi. Na sayi naman sa mai kyau a kasuwar Cheras, na yanka shi fale-fale na soke a tsinke. Na buɗe firiza na ɗauko kwalbar yajin da Bilki ta haɗa da hannunta, ta ƙarshe, na juye ta kaf a kan naman. Na ce ai sadakarta ce, yajinta ya fi dacewa. Da safe na saka farar shadda da hula, don ba a yin sadaka da rigar yankan gwanda. Ummi ta dube ni sama da ƙasa, ta mai da iyafis ɗinta.

A ƙofar mafakar akwai allo babba da hoton wuta an ja masa jan layi. Na sha ganinsa. Amma ni mai ilimi ne, na yi nazari na gano cewa dokar ta cikin shinge ce, ni kuwa a waje zan yi, a filin ajiye motoci, ƙarƙashin itatuwa. Abin da ban saka a nazarin ba shi ne iska ba ta san shinge ba, kuma kejin Lili na bayan wannan shingen daidai. Da kowa ya shige ciki ana shirin ɗaukar Lili, sai na ce zan ɗauko abu a mota.

Tun wajen kafa murhun ya fara nuna mini hali. Ƙafafu huɗu gare shi masu naɗewa, uku suka tsaya, ta huɗun kuwa in na miƙe ta sai ta koma ciki kamar mai jin kunya. Na tura mata dutse ta ɗan tsaya, na ce yawwa. Sai gawayi. Ya shekara a but yana shan damshin ƙasar nan, na ƙyasta ashana har kwalin ya kusa ƙarewa, ko gezau. Na yayyaga kwali na cusa. Na tsiyaya man gyaɗa. Na tattaro busassun ganye na ƙara. Wuta dai ba ta kama ba, amma hayaƙi, tubarkalla, kamar ana gasa tubali. Na ɗauki maficin Bilki na dinga fifita da ƙarfina, gumi na bin shaddar, ina ganin hayaƙin na tafiya salin-alin yana tsallake shinge, ina cewa a raina yanzu zai washe.

Da na ga ja ya ɗan bayyana a gindin gawayin sai na yi maza na jera tsiren gaba ɗaya. Mai ya ɗiga, yaji ya ƙone, wuta ta tashi bal. A daidai nan na ji wata ƙara daga bayan shinge. Ba guɗar nan ta safe ba ce. Ihu ne irin na yaron da aka tsoma wa hannu a tafasasshen ruwa, ana yi ana ƙarawa, da ƙarar jiki yana dukan waya. Na juya da sauri, gefen rigata ya ja dutsen, ƙafar nan ta naɗe, murhun ya fara tafiya gefe da wutarsa da namansa.

Sai na ji wani mutum ya kwarma ihu da muryar da duk dajin ya amsa: "Bilki! Bilki, ƙafar! Zo ki riƙe!"

Ni ne mutumin.

Murhun ya kife. Garwashi ya watsu cikin busassun ganye, wuta ta fara gudu ta nufi shinge. Na cire hula ina dukan wutar da ita, na koma tattakawa da takalmi, gefen wandona ya kama. Biran daji, waɗanda ashe tun ɗazu suke bisa itace suna kallon ikon Allah, suka diro suka fara kwasar tsire, kowa da tsinkensa kamar an gayyace su walima. Sai ga Anti Mei a guje da jar tukunyar kashe gobara, 'yan sa kai na biye da ita da bokitai. Ba ta tsaya tantance wuta da mai wuta ba, ta feshe mu gaba ɗaya. Kafin ka ce kwabo na koma fari fat tun daga gira har takalmi, kamar an tsamo ni daga buhun fulawa.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce kunya ce irin wadda ake wankewa da sabulu. Amma Anti Mei ta yar da tukunyar ta kama hannuna tana haki. "Ina Bilki? Dokta, ina take? Ta ƙone?" Ta juya ga sauran, "Ku duba mota! Akwai mutum a mota!" Samari suka ruga suka buɗe ƙofofi, suka ɗaga but, suka zazzago bargona da butata da rigunana a ƙasa, duk asirin zamana na shekara guda a fili. Wata yarinya ta shiga cikin ciyawa tana kira, "Bilki! Bilki!" Wani ya kama, wani ma ya kama. Sunan da na shekara ina ɓoyewa a ƙarƙashin harshe, ga shi a bakin Sinawa da Indiyawa da Malayawa, suna ta jefa shi cikin daji suna jiran a amsa.

Ummi na tsaye a bakin ƙofa. Ni take kallo.

Anti Mei ta girgiza ni. "Dokta, yi magana! Wace ce Bilki?"

Na buɗe baki in ce ba kowa, kuskure ne, ku yi haƙuri. Abin da ya fito shi ne, "Matata ce. Ta rasu. Ita ce take riƙe ƙafar."

Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai na gan ni zaune daɓas a cikin toka ina kuka. Ba irin hawayen nan na manya da ake sharewa da gefen hula ba. Kuka mai sauti, mai majina, mai shessheƙa, baki a buɗe, irin wanda rabona da shi tun ina firamare. Hawaye na tsaga farin garin da ke fuskata suna yin hanya. Mutane sun yi cirko-cirko da bokitai a hannu, wani biri na zaune a kan motata yana cin sadakar matata yana kallona. Da na ɗan samu numfashi, sai ragowar girman kaina ya ɗago ya ce wa jama'a, "Hayaƙi ne. Yajin ne ya shiga mini ido."

Ummi ta ce, da Hausa, a hankali, "Abba, wutar ta mutu tun ɗazu."

Ta juya ta koma ciki da gudu, don Lili na can tana ihu.

Ba a mai da Lili babban keji ba ran nan. Ta fasa leɓe a jikin waya, ta koma lungunta ta dunƙule ta rufe kai, kamar ranar da aka kawo ta. Aikin wata da watanni na 'yata, na ƙone shi kafin azahar. An je neman gira an rasa ido. Anti Mei ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta kawo mini ruwa da tawul, ta ce, "Tak boleh, Dokta. Wuta a nan, ba a yi." Daga baya ne ma na ji cewa yawancin 'yan sa kan ko nama ba sa ci. Wato ko da komai ya tafi daidai, birai ne dai za su ci sadakar.

Na tattara komatsaina na zauna a mota har la'asar, ina jiran hukunci. Da Ummi ta fito ta shiga, na tayar muka kama hanya. Mun wuce gonakin manja, mun hau babban titi, sannan na lura iyafis ɗin na kan cinyarta.

"Yajin Mama ne?" in ji ta.

Na ce shi ne.

"Duka?"

Na ce duka.

Ta juya ga taga. Can ta ce, "Ina buɗewa in shaƙa. In ba ka nan. Kullum ba ka nan." Ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi irin wannan ba. Na rasa abin cewa, kuma karon farko a rayuwata na bar rashin abin cewar ya zauna, ban rufe shi da "sai haƙuri" ba.

Ta ce, "I thought ba ka damu ba. Ba ka yi kuka ba. Ko sunanta ba ka faɗa. Kana ta ba mutane ruwa."

Na ce, "Haka aka koya mana, Ummi. Namiji ba ya kukan mace a gaban mutane."

"Yau ka yi a gaban birai ma."

Na ce na yi.

Wani ɗan sauti ya fito mata ta hanci, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Ta miƙa hannu za ta ɗauki tishu, sai ta ci karo da cokalin shayina a ramin ajiye kofi. Ta ɗaga shi ta juya shi. Ta ce, "Abba. A ina ka samo wannan?"

Na ce a jakar murhu, a lanƙwashe, ni na gyara shi.

Ta rufe fuska da hannu biyu. "Shi ne lock ɗin! Mama ce ta lanƙwasa shi. A ramin ƙafar ake sa shi, shi yake riƙewa. Tun ina primary ƙafar ta karye, ba ka sani ba?"

Ban sani ba. Shekara da shekaru ina juya tsinke ina karɓar yabo a kan murhun da cokalin Bilki ke riƙe da shi, ban taɓa sunkuyawa na duba ba. Na kunna sigina na gangara gidan mai na farko, don hanya ta fara yi mini biyu-biyu. Muka zauna a motar, ni da 'yata, muka yi kukan da ya kamata mu yi tun bara. Mai sharar wurin, wanda ya san ni, ya taho zai gaishe ni, ya leƙo, ya juya da tsintsiyarsa. Da muka gama Ummi ta ɗora cokalin a gwiwarta ta lanƙwasa shi ya koma yadda yake. Ran nan tare muka shiga gida da sauran rana.

Lili ta daɗe ba ta dawo daidai ba. Ta koma cin abinci, amma har yanzu da nake wannan rubutu ba ta sake yin guɗar nan ba, kuma duk Asabar in na wuce ta bayan kejinta da bokitin gwanda sai in ji kamar in nutse. Anti Mei ba ta kore ni ba, ta dai ƙara mini wankin keji, kuma duk zuwa sai ta sa na buɗe but ta leƙa. (Babu komai a ciki yanzu sai taya da darduma.) Yajin kuwa ya tafi. Mun gwada haɗa wani da Ummi, bai yi ko kusa ba. Kwalbar tana nan a firiza, ba komai a ciki, ba kuma wanda ya isa ya wanke ta.

Da hutu ya zo Hajiya Rabi ta kira ta ji ranar jirgi. Ina falo ina jin su, na yi kamar ina karatu. Ummi ta ce, da gurguwar Hausarta, "Umma, ba yanzu ba. Lili ba ta warke ba." Ta ƙara da cewa, "Shi ma Abba ba a barinsa shi kaɗai. Zai ƙona ƙasar mutane."

Darasin da na koya guda biyu ne, kuma na saye su da tsada, ku karɓa kyauta. In ka tarar da abin da matarka ta lanƙwasa, kada ka miƙar sai ka tambaya. Kukan mamaci kuma bashi ne da ba a cinyewa. In ka ƙi yinsa a ɗakinka tare da 'yarka, za ka yi shi a filin ajiye motoci, cikin farar shadda, birai na cin tsirenka.